Giyar Bankwana da Gonar Baba

Riwaka,
Safiyar Laraba, cikin watan Yuli.

Zuwa ga Yayata Coralie,

Gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, tare da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Murray da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lumana, ya tsare Murray a ramin ma'adinan da yake shiga kullum, ya raya yaran bisa hanya mai kyau. Mu ma nan muna lafiya gwargwadon hali. Sanyin bana ya yi tsanani, raɓa takan daskare a kan ciyawa har hantsi. Gwaggo Noeline ta fito daga asibiti da sabon ƙugu, tana dogara sanda tana zagin sandar. Matata Petra tana nan da aikinta na makaranta, 'yarmu Tilly kuwa ta fara koyon tuƙi, har ta gaisa da ƙofar gona da gaban mota. Baba jikinsa ƙalau, yana cin abincinsa, yana faɗa da rediyo kamar yadda kika bar shi. Na fara da wannan ne don kada gabanki ya faɗi da kika ga doguwar wasiƙa daga gare ni.

Na zaɓi rubutu maimakon waya don na san halina. A waya sai in fara, ki yi dariya, in ce ai ba komai, mu koma hirar yara. Littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana yana gefena, ina dubawa don in bi miki labarin daki-daki, kada in tsallake inda ba na son faɗa. Maganar giyar bankwana ce, wadda muka shirya shayar da mutane a zauren taron Moutere ranar Asabar mai zuwa.

Kin san girbin watan Maris shi ne na ƙarshe a gonarmu. Masu saye ba su sabunta yarjejeniya ba, gwiwoyin Baba sun gaji da tsani, wanda ya karɓi hayar gonar kuma tuffa zai dasa. Da aka gama tsinka sai muka ware furen hop, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, na layukan bakin kogi, waɗanda tun muna yara suka fi sauran ƙamshi, muka busar da hannunmu. Na ce wa Baba zan dafa farar giyar nan, pilsna, da shi a 'yar masana'antata ta tsohon ɗakin busarwa, mu zuba a gwangwani da sunansa a jiki, mu kira manoman kwarin nan kaf su zo su ɗanɗani gonar karo na ƙarshe. Ya ce wai sai ka ce jana'iza ake shirya masa yana raye. Amma na san ya ji daɗi, don washegari da sassafe ya fara jero mini waɗanda ba za a gayyata ba. Pilsna na zaɓa da gangan. Baƙar giya tana rufa wa mai dafa ta asiri, pilsna kuwa farar riga ce, ɗigon miya ma sai ya nuna. Na so a ji hop ɗin Baba tsirara, ba abin da ya tare shi.

Komai ya tafi daidai har kusan ƙarshe. Ta yi makonninta a tanki cikin sanyi, ta kwanta, ta washe. Ranar da zan zuba busasshen hop na ƙamshi, na auna gwargwadon da na saba, Baba yana tsaye a kaina. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya ce in ƙara dai. Na ce masa pilsna ba ta son hayaniya, sai ya ce ni dai tun ina yaro a tsorace nake zuba gishiri, wa nake ajiye wa sauran, asu ko ɓeraye? Kafin in amsa ya ɗaga buhun da kansa ya juye duka, ko tafi ɗaya bai rage ba. Zuciyata ba ta kwanta ba, ga shi ma na rubuta haka a ranar. Amma na bar shi. Wa zai koya wa Baba hop?

Kin tuna gwajin ɗumi da ake yi kafin a rufe giya. A ɗebi kwalba biyu daga tanki, a rufe, a tsoma ɗaya a ruwan zafi ta ɗan jima, a sanyaya ta, sannan a shinshina duka biyun. Idan wadda aka ɗumama ta taso da warin man shanu, yis bai gama aikinsa ba, sai a ƙara mata kwanaki. Kin kuma san ni ban taɓa jin wannan warin ba tun da aka haife ni. Hancina yana rarrabe hop na bakin kogi da na kan tudu, yana jin tsami, yana jin ruɓa, amma man shanu a cikin giya kamar a nuna wa makaho bakan gizo ne. Ke ce kike tsokanata da Rabin Hanci, har sunan ya bi ni makaranta. Shi ya sa tun da na buɗe masana'antar, wannan gwajin na Baba ne. In ɗumama, in sanyaya, in miƙa masa, ya rufe ido ya shaƙa, ya yanke hukunci. Haka muka yi wannan karon ma. Ya daɗe da kwalbar a hanci fiye da yadda ya saba, sannan ya ce tsaf take, in rufe kayana. Na tace ta, na zuba a gwangwani, na jera su har rufin ɗakin sanyi.

A makon jiya na kira Hinewai, wadda kuka yi aji ɗaya, mai masana'antar giya a Māpua. Kin san yanzu tana zaman alƙalanci a gasar giya. Ba don ina shakka na kira ta ba, Yaya, gaskiya yabo nake nema. Na ɗanɗana giyar nan ni kaɗai sau da yawa, kuma a raina na riga na ce ban taɓa dafa kamarta ba. Ta iso da hantsi tana tsokanata tun daga mota, wai ƙanin Coralie ya girma har yana kiran manya. Ta ƙi shayi, ta ƙi biskit, don kada su ɓata mata baki, ta sa na kashe hita saboda warin kananzir. Na zuba mata a kofin gilashi mara rubutu, na koma gefe na yi shiru yadda al'ada take.

Ta ɗaga kofin wajen taga. Launin kamar busasshiyar ciyawar alkama, garau, kana hango yatsunta ta bayan gilashin, kumfar fara sol, ta tsaya ba ta faɗi ba. Ta gyaɗa kai. Ta kai hanci ta yi gajerun shaƙa, ta ce ga ɓawon lemun tsami, ga gwaiba, ga ɗanyar ciyawa da aka yanka da safe, wannan bakin kogin Alwyn ne, wato Baba, ko a mafarki ta ji shi. Ta kurɓa, ta ce ɗacin yana da tsabta, ya zo ya wuce bai kama maƙogwaro ba. A nan har na fara tunanin abin da zan rubuta a littafina. Sai na ga ta rungume kofin da tafukanta biyu tana ɗumama shi, tana kallon ƙasa. Ta jujjuya, ta sake shaƙa, ta sake kurɓa, ta goga harshe a dasashi. Da ta ɗago, tsokanar ta bar fuskarta. Ta tambaye ni wa ya yi gwajin ɗumi. Na ce Baba. Sai ta ce, a hankali, ƙanena, akwai man shanu a ciki, kuma ba kaɗan ba. Hop ne ya yi masa rumfa tana da sanyi, amma da ta ɗan huce sai ya fito kamar gugguru, har yana barin santsi a harshe.

Na karɓi kofin daga hannunta na sha. Na ji lemun tsami, na ji gwaiba, na ji gonarmu a watan Maris. Ban ji komai ba bayan wannan. Ban san yadda zan kwatanta miki ba, a ce abin da ke bakinka ya lalace, kai kuwa daɗinsa kake ji. Na ce mata ko gwangwanin ne kawai. Muka buɗe na sama, na ƙasa, na tsakiya, duk amsa ɗaya. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, in faɗa mata abin da na yi a ƙarshe. Da na ambaci buhun, sai ta dafe kai. Hop mai yawan nan da aka zuba daga baya shi ya ta da yis daga barci, ya fara sabon aiki bai ƙarasa ba, ni kuwa na tace shi na rufe. Da giyar tana tanki da yis ɗinta, da an ɗan ɗumama ta ya lashe laifinsa da kansa. A gwangwani kuwa bakin alƙalami ya bushe, kullum ƙaruwa zai yi. Da yamma na ba Petra. Ta ce kamar tana jin wani abu mai kama da alewa, amma ta yarda cewa sai da na faɗa mata abin da za ta nema, don haka shaidarta ba ta raba mini gardama ba.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin. Hancin Baba ne a gefe guda, wanda manoman kwarin nan suka yi shekaru suna kawo wa furensu ya murza ya faɗa musu ranar tsinka. Hancin Hinewai ne a ɗaya gefen. Ni da ke tsakiya ba ni da abin auna su. Ranar Juma'a da rana ina wanke tanki sai na ji ƙauri daga gida. Na ruga, na tarar madara ta ƙone ƙurmus a tukunya, hayaƙi ya fara taruwa, Baba kuwa yana zaune a teburin kicin ya juya baya yana karanta jarida. Na sauke tukunyar, ya ɗago ya ce lafiya nake haki haka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari bayan abincin rana na yi abin da shi ya koya mana: kofi uku iri ɗaya, biyu na tsohuwar pilsna mai tsabta, ɗaya na sabuwar, a ce wa mutum ya fitar da bare. Na jera su a gabansa. Yaya, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya dubi kofunan, ya dube ni, ya ce yau kuma shi ake wa kofi uku a gidansa? Na ce Hinewai ta ji man shanu. Ya ce Alƙaliya dai ba ta rasa abin ji, ko a ruwan sama sai ta sami laifi. Can ya ce in ɗauke kayana, ba sai na wahalar da giya ba. Ya ce tun murar da ya yi bara hancinsa ya tafi, ya yi ta jira ya dawo bai dawo ba. Girbin bana da yatsu ya yi shi, yana jin ƙarar furen idan ya matsa, yana duba garin rawaya a tafinsa, yana kuma leƙen ranar da maƙwabta suka fito da injinsu. Na tambaye shi don me bai faɗa mini ba ranar gwajin. Ya ce ya ɗaga kwalbar yana roƙon Allah ko ɗan wani abu ya shigo, da bai shigo ba sai ya ce a ransa yaron nan mai taka-tsantsan ne, ba zai yi kuskure ba. Buhun kuma, ya ce, ya yi zaton idan hop ɗin ya yi yawa sosai, ko yaya ne zai ji shi sau ɗaya kafin a tumɓuke gonar.

Ban iya fushi ba. Na so in yi, da ya fi mini sauƙi. Shi ya dogara da ni, ni na dogara da shi, ashe makafi biyu ne ke jan juna, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne mai ido.

Da ya ɗan natsu sai ya kawo shawararsa. Ya ce in kai ta zauren cikin ƙanƙara, a sha da sanyi ƙarara, rabin mutanen ba za su ji komai ba, sauran rabin kuma suna da kunya. Kuma gaskiya ya faɗa, Hinewai ma ta ce da sanyi tana iya wucewa a bakin mutane da yawa. Amma kunyar nan ita ce abin da na kasa haɗiyewa. Na hango tsofaffin nan da suka san hop kamar yunwar cikinsu, kowa riƙe da gwangwani mai sunan Baba, hira ta yi tsawo, giya ta huce a hannu, su kurɓa, su dubi juna ta gefen ido, su ce masa ba laifi, Alwyn, ba laifi. Su koma motocinsu su ce tsoho ya gama. Shi kuwa yana tsaye yana karɓar yabo. Na ce masa ba zan kai ba. Ina jin tun da nake ban taɓa ce wa Baba a'a a kan maganar hop ba sai ran nan. Ya ce ai giyata ce, in yi yadda na ga dama. Ya tashi ya shiga ɗaki, bai ƙara yi mini magana ba har Litinin.

Kada ki ɗauka na tabbata da abin da na yi. Har yanzu da nake rubutun nan ban tabbata ba. Na yanke hukunci a kan laifin da ban taɓa ji ba, bisa maganar mutum ɗaya, a kan giyar da bakina ya ce ita ce mafi kyau da na taɓa yi. Idan Hinewai ta tsananta fa? Idan da an sha an tashi lafiya fa? Ba sauran hop da zan sake dafawa in gani, kuma ba wata kaka da za ta zo.

Ranar Litinin da safe na fito da gwangwanayen tsakar gida, kusa da magudanar da ke kaiwa ramin ruwan wanki. Ba wata dabara, sai dai a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a tuntsurar. Na fara ni kaɗai, yatsana ya yi ciwo, na koma amfani da gindin cokali. Ban jima ba sai ga Baba da rigar sanyinsa, ya jawo akwatin katako ya zauna kusa da ni, ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na ba shi cokali. Muka yi ta buɗewa, ba ka jin komai sai tsit, tsit, da ƙarar ruwa. Kumfa ta taru fara fat a kan siminti tana gangarawa, ƙamshin kuwa ya cika tsakar gidan har ya fi na ɗakin busarwa ranar girbi. Ya ce wai da ya san haka za a ƙare da ya bar wa asun rabonsu. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Da muka zo layin ƙarshe sai ya riƙe gwangwani ɗaya bai tuntsurar ba. Ya kai hanci, ya daɗe, ya sauke. Ya kurɓa ya ce ɗaci dai yana ji, da sanyi, shi ke nan. Sannan ya miƙo mini ya ce, Bevan, faɗa mini abin da ke ciki. Na shaƙa na fara faɗa masa. Na ce ɓawon lemun tsami ne a gaba, irin wanda aka kankare yanzu. Ya ce sai me. Na ce gwaiba, ba nunanniya sosai ba. Ya ce layin hop na ƙarshe a gona kenan, na wajen itatuwan, kullum haka yake yi. Na ce akwai ɗanyar ciyawa a ƙasa, da wani abu kamar ƙaiƙayi mai ɗumi. Ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya ce to ashe gonar ba ta ba da kunya ba, mu ne. Muka raba gwangwanin tsakaninmu, shi ba ya jin komai, ni ba na jin laifin, muka shanye. Sauran suka bi magudana.

Taron Asabar yana nan, ba a fasa ba. Hinewai za ta kawo tata pilsnar, ta hop ɗin wata gona, ta kuma yi alkawarin za ta ce tankina ne ya sami matsala idan an tambaya, wanda ba ƙarya ba ne ƙwarai. Masu haya za su fara cire turaku da wayoyin da hop ke hawa mako mai zuwa. Baba bai san na rubuta miki ba, kuma bai so kowa ya sani. Na faɗa miki ne don abin ya fi ƙarfin cikina ni kaɗai. Idan kin kira shi ranar Lahadi kada ki tambaye shi giya, ki tambaye shi gwiwa, wannan yana son a tambaye shi. Jiya ya ce mini a zauren dole za su miƙo masa kofin farko ya yanke hukunci kamar kullum, don haka zai ɗaga, ya shaƙa, ya gyaɗa kai, ni kuma in tsaya a gefensa, idan akwai wani laifi a ciki in yi tari. Na ce to. Ban tuna masa cewa Rabin Hanci ne zai tsaya a gefen nasa ba.

Ki gaida Murray da kyau, ki ce masa ina nan ina jiran zuwan da ya yi ta alkawari. Ki shafa mini kan Tobin da Maeve. Gwaggo Noeline tana gaishe ki, ta ce kin manta da ita. Petra da Tilly suna gaisuwa mai yawa. Ki sa mu a addu'a ranar Asabar. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Bevan